Na'urar awon damshi a fadama: ta yaya batir ɗaya zai kai shekaru?

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Na yi karatun lantarki a nan Sakkwato. Kawuna yana noman albasa a fadama wajen Wurno, yana da tankin ruwa a gona da rumbunan ajiya a cikin gari. Na haɗa masa 'yar na'ura da ESP32 (ƙaramin allon kwamfuta mai Wi-Fi a jiki) mai auna damshin ƙasa, tana tura sakamako ta Wi-Fi zuwa wata 'yar na'urar intanet da na ajiye a bukkar gona. Na sa mata batirin litiyam mai caji, irin 18650, guda biyu, amma kwana biyu zuwa uku sun mutu. Na ji ana cewa akwai na'urorin da batir ɗaya ke kai su shekara biyar har goma. Da gaske ne? In haka ne wanne zan bi, Bluetooth, Zigbee, LoRa ko NB-IoT? Daga gona zuwa gida kusan kilomita 5 ne."

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka. Da gaske ne, kuma ga tazarar kilomita 5 a fadama LoRa, rediyon dogon zango mai ƙarancin shan wuta, ce za ta fishe ka. Sai dai ka riƙe abu ɗaya tun kafin ka kashe ko sisi. In ka sayo LoRa gobe ka ɗora ta a kan allon da kake da shi yanzu, batirin zai ƙara 'yan makonni ne ya sake mutuwa, ka zo kana cewa an yaudare ka. A irin wannan aiki, mafi yawan wutar wajen zaman jira take tafiya, lokacin da na'urar ba ta yin komai amma idonta biyu. Duk fasahohin da ka lissafa dabararsu ɗaya ce: na'ura ta yi barci kusan duk yini, ta farka na ɗan ƙiftawar ido, ta faɗi abin da za ta faɗa, ta koma. Saboda haka da lissafin barci za mu fara, sannan mu zo kan zaɓin rediyo.

Batir 18650 na ƙwarai yana ɗauke da wajen 2,500 mAh (mA ma'aunin wutar da na'ura ke sha ne, mAh kuma mA sau awa), mafi girmansu bai wuce 3,500 da 'yan kai ba, don haka waɗanda ake rubuta wa 9,900 a jiki kada ka ko kalle su. Biyu sun ba ka 5,000. ESP32 da Wi-Fi a kunne yana shan wajen 80 zuwa 100 mA a tsaka-tsaki, lokacin aikawa kuma ya haura 200. Raba 5,000 da 80, awa 62 ke nan, kwana biyu da rabi. Ka ga na'urarka lafiyarta ƙalau, abin da lissafi ya yanke mata ta yi.

Wi-Fi ya dace ne da ɗaukar bidiyo da hotuna a gajeren zango, ga wayar da ake yi wa caji kullum dare. Manne yake zama da tasharsa, in kuwa ka kashe shi don adana wuta, duk sanda ya tashi sai ya ɓata daƙiƙoƙi yana sake gabatar da kansa kafin ya aika harafi ɗaya. Na'urar sim irin SIM800 ta fi shi ma, don tana fizgar har amfiya 2 lokacin da take magana da ƙarfen sabis, in sabis ya yi rauni kuma, yadda ya saba a kwari, sai ta ƙara ƙarfi ta yi ta nema. Alhali me kake son aikawa? Damshin ƙasa, zafi, da ragowar batir. Bayit 10 sun ishe ka har da canji. Ƙasar da aka yi wa ban ruwa da safe kuma ba cikin daƙiƙa take bushewa ba, awo ɗaya a rabin awa ya wadatar.

Ga lissafin na'urar da aka haɗa yadda ya kamata. Alƙaluman na misali ne, kai za ka auna naka. Ta farka ta yi awo na daƙiƙa 1 tana shan 5 mA. Ta aika saƙo cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa tana shan 40 mA. Ta ɗan saurari amsa, ta koma barci. Farkawa 48 na yini guda gaba ɗaya suna cin wajen 0.2 mAh. Barcin kuma, in ya sauka zuwa 5 µA, kuma µA ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na mA, zai ci 0.12 mAh a awa 24. Jimla 0.32 mAh a yini. Batirin litiyam mai girman AA wanda ba a yi masa caji, mai 2,400 mAh, a takarda zai kai shekara 20. Babu mai samun haka a zahiri, don batir na zubar da wuta da kansa, zafi kuma na ƙara masa gudu, amma ko ka yafe kashi biyu cikin uku kana da shekara shida da wani abu. Daga nan maganar shekara biyar da goma ta samo asali.

To yanzu canza lamba ɗaya tak. Bar komai yadda yake, amma barcin ya zama 2 mA maimakon 5 µA. Yini guda zai ci 48 mAh, batirin da ya kamata ya yi shekaru ya mutu a kwana 50. Kuma 2 mA shi ne ma mafi ƙarancin abin da za ka tarar a allunan gwaji da yawa, ko da ka ba su umarnin barci mai nauyi. Ƙwaƙwalwar ESP32 kanta tana iya sauka zuwa wajen 10 µA, amma ga 'yar fitilar nan ja mai nuna akwai wuta, ga guntun da ke haɗa allo da kebul ɗin kwamfuta, ga mai daidaita wuta irin AMS1117 wanda shi kaɗai yana shan wajen 5 mA yana zaune. Ɗauki mitarka ka juya ta zuwa awon µA, ka cire wayar batir ɗaya ka sa mitar a tsakani, ka jira allon ya yi barci, ka karanta. Ni wannan lambar nake fara tambaya kafin in kalli duk abin da aka rubuta a kwali. In ta haura 50 µA, akwai abin da ke shan wuta a ɓoye, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka cire.

Ma'aunin damshin ma kada ka bar shi a kunne. Ka ba shi wuta ta transisto, wato ɗan makunnin lantarki da allo ke sarrafawa, gab da awo, ka katse da an gama. Ka kuma guji mai ƙarafa biyu tsirara da ake cusawa a ƙasa, don wuta na ratsa su cikin laima da taki, 'yan makonni su cinye. Nemi wanda aka rufe fuskarsa, ka shafe gefunansa da kansa da gam irin Araldite don kada ruwa ya shige shi.

Yanzu ga zaɓin. Bluetooth mai ƙarancin shan wuta ya shigo ne da Bluetooth 4.0 a 2010, asalinsa wani aikin Nokia ne mai suna Wibree. Gwani ne wajen tattalin batir, batirin agogo irin CR2032 na iya riƙe ma'aunin zafi fiye da shekara, kuma kusan kowace babbar waya tana jin sa. Amma tafiyarsa ta 'yan gomomin mitoci ce. Ajiye shi, zai yi amfani in mun zo rumbu.

Zigbee an gina shi a kan ƙa'idar IEEE 802.15.4 ta 2003, yawanci a 2.4 GHz yake aiki, zango ɗaya da Wi-Fi. Nisansa mita 10 zuwa 100 ne, sai dai na'urorinsa na miƙa wa juna saƙo har ya isa. Da mutum ya ji haka sai ya ce ai sai a jera su daga gona har gida. Inda gizo ke saƙar shi ne masu miƙa saƙon ba sa barci, kunnensu a buɗe yake dare da rana, don haka tsayayyar wuta suke buƙata. Na ƙarshen layi kaɗai ke more batir. A gida ko otal mai wuta yana aiki mai kyau wajen fitilu da makullai. A fadamar da babu turken wuta ko ɗaya, kilomita 5 da tsallen mita 100 na nufin na'urori 50, kowace da solarta. Ka manta da shi.

NB-IoT fasahar kamfanonin waya ce, an fitar da ƙa'idarta a 2016. Na'urar na da sim, tana magana da ƙarfen sabis kai tsaye, amma an koya mata dogon barci ba tare da sai ta sake rajista duk sanda ta farka ba. Fasaha ce mai kyau, ba sai ka kafa tasha taka ba. Sharaɗinta shi ne kamfani ya kunna ta a ƙarfen da ke kallon gonarka, don ganin 4G a waya ba ya nufin akwai NB-IoT a wurin, kuma kowace na'ura da kuɗin layinta. Akwai kuma abin da mu nan muka gani da idonmu. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, bayan an rufe na Zamfara. Duk abin da ya dogara da ƙarfen sabis a waɗannan wurare shiru ya yi har aka buɗe. Shi ya sa nake fifita wa manomi tsarin da zai ci gaba da aiki tsakanin gona da gida ko da babu intanet sam.

LoRa wani ƙaramin kamfani mai suna Cycleo a birnin Grenoble na Faransa ne ya ƙirƙiro ta, kamfanin Semtech na Amurka ya saye shi a 2012, a 2015 kuma aka kafa ƙungiyar LoRa Alliance mai kula da ƙa'idar LoRaWAN, wato tsarin da na'urorin LoRa ke bi su yi magana da tasha ɗaya. Dabararta ita ce ta shimfiɗa kowane guntun saƙo cikin wata ƙara mai hawa a hankali daga ƙasa zuwa sama. Ka san yadda mutum ke kiran ɗan'uwansa daga ƙetaren gulbi, ba ya sauri, jan sunan yake da tsawo har mai saurare ya tsinto shi cikin iska da ƙarar injin ban ruwa. Haka take yi. Mai karɓa na iya tsamo saƙonta ko da hayaniyar da ke zangon ta ninka shi ƙarfi kusan sau 100. Shi ya sa da ƙarfin miliwat 25 kacal take cin kilomitoci.

Tsawon jan yana da mataki shida, SF7 zuwa SF12, kowane mataki kusan ninka lokaci yake yi. Saƙonka na bayit 10 tare da ƙarin bayanan da LoRaWAN ke liƙa masa yana ɗaukar wajen kashi 6 cikin 100 na daƙiƙa a SF7, kashi ɗaya bisa biyar a SF9, daƙiƙa ɗaya da rabi a SF12. Masu farawa na son su kafe komai a SF12 don su tabbata saƙo ya isa. Koma lissafinmu ka sa daƙiƙa 1.5 a wurin aikawa, cin yini zai tashi daga 0.32 zuwa kusan 1 mAh, kwanan batir ya ragu zuwa sulusi. Ban da haka kana tare wa sauran na'urorinka hanya. Sabar kyauta ta The Things Network, wato kwamfutar intanet mai karɓar saƙonnin, daƙiƙa 30 na aikawa take ba kowace na'ura a yini, saƙo 48 a SF12 kuwa daƙiƙa 72 ne. LoRaWAN na da tsarin da saba ke gaya wa na'ura ta sauko ƙaramin mataki in siginarta na isowa da ƙarfi, ga na'urar da aka kafe wuri ɗaya ka kunna shi. Hoto ko murya kada ma ka sa su a rai, a SF12 bayit 51 ne iyakar saƙo ɗaya.

In na'urorinka ba su wuce uku ko huɗu ba, kana iya haɗa LoRa zalla, waɗansu a gona ɗaya a gida, ka rubuta ƙa'idar maganarsu da kanka. In kana hangen maƙwabtan kawu su ma za su so, ka tafi LoRaWAN tun farko. Nan za ka buƙaci tashar tara saƙo, wadda masu sana'ar ke kira getwe, mai sauraren hanyoyi takwas lokaci guda. Ita ba ta barci, tana shan wajen wat 5 zuwa 10, don haka a gida za ta zauna da solarta. A wat 5, batirin 12V mai 50Ah zai riƙe ta kwana biyu in hadari ko hazo ya rufe rana. Guda ɗaya tana ɗaukar ɗaruruwan na'urori masu magana sau ɗaya a rabin awa. Sabar kuma ba dole sai ta ƙasar waje ba. ChirpStack manhaja ce ta kyauta da za ka ɗora a Raspberry Pi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, kusa da tashar, komai ya tsaya cikin gida. Saƙonnin a kulle suke tafiya da tsarin sirri na AES-128, muddin ba ka yaɗa lambobin sirrin a hoto ba.

Wajen oda ka buɗe ido. Ana sayar da LoRa ta 433, da 868, da 915 MHz. Ta 868 ita ce tsarin Turai, ta 915 ta Amurka ce, kuma zangon Amurkan, 902 zuwa 928, yana hawa kan wanda wayoyinmu na GSM 900 ke magana da ƙarfen sabis a kai. In ka kunna ta nan ka shiga hurumin da kamfanonin waya suka biya kuɗin lasisinsa, su dame ka, ka dame su. Ka tsaya a 868, na'ura da tasha da eriya duka, ka kuma duba ƙa'idojin hukumar sadarwa ta NCC kafin ka mai da abin sana'a. Kada ka taɓa barin allon LoRa ya aika saƙo babu eriya a jiki, ƙarfin na komawa ciki ya lalata guntun.

Abin da zai yanke hukunci kan kilomita 5 ɗinka shi ne tsayin eriya, fiye da ƙarfin na'ura. Igiyar rediyo tana buƙatar fili kewaye da layin da ya haɗa eriya biyu, filin kuma ya fi faɗi a tsakiyar hanya. A 868 MHz da tazarar kilomita 5, daga layin zuwa gefen filin ya kai mita 20, ana kuma so aƙalla kashi 60 cikin 100 na wannan, wajen mita 12, ya zama babu abin da ya tare shi. Ba za ka samu haka cikakke ba, LoRa kuma tana da juriya, amma ɗaga eriyar gida da 'yan mitoci kan sauko maka da mataki ɗaya ko biyu, wato ya ƙara wa batirin gona kwana. Shimfiɗar ƙasarmu ta taimaka a nan, fadama a kwari take, garuruwan bakin Rima da yawa kuma a kan tudu suke. Nemi wuri mafi tsayi da za a ba ka izini, saman bene ko ƙarfen tankin ruwa, inda in ka tsaya kana hango koren fadamar. Tashar ta zauna kusa da eriya, don dogon kebul mai araha na iya shanye rabin siginar, kuma kada eriyar ta kasance ƙarƙashin rufin kwano. Ƙarfen da ya fi komai tsayi a unguwa shi aradu ke nema da damina, sai ka sauko masa da wayar tagulla mai kauri zuwa sandar da aka binne a ƙasa.

A gona ma kada ka kwantar da eriya kusa da ma'auni. Da rani albasa ba ta wuce gwiwa, komai na isa lafiya, sai ka ɗauka an gama. Damina na sauka, gero da dawa a gonakin da ke tsakani su fi mutum tsayi, ganye jiƙe da ruwa, dogon yaro ya cika, saƙo ya fara ɓacewa. Ka kafa turke mai mita 2 zuwa 3, akwatin a sama, eriya a tsaye, waya ta gangaro zuwa ma'auni cikin bututun roba don kada fartanya ta datse ta. Ka kuma tambayi kawu inda ruwa ke kaiwa in gulbi ya cika ko an saki ruwa daga madatsar Goronyo, ka ɗaga akwatin sama da nan.

Sai zafi. Alƙaluman shekara goma da masu ƙera na'urorin nan ke rubutawa a digiri 20 zuwa 25 aka lissafa su. Mu nan daga Maris zuwa Mayu inuwa kanta tana haura 40, cikin rufaffen akwatin roba da rana ke duka kuwa yana iya wuce 60. Masu ƙera 18650 sun ce kada a yi masa caji sama da digiri 45, ga shi tsakar rana sola ke caji. Haɗa su cikin baƙin akwati da bazarar Sakkwato tsufar da batir ne da wuri, ga haɗarin wuta kusa da busasshen kara. Shawarata ga na'urorin gona ita ce batirin Li-SOCl2 mai 3.6V, lambarsa a girman AA ita ce ER14505, babbansa kuma ER34615 mai wajen 19,000 mAh. An ƙera shi ya jure har digiri 85, kuma a wuri mai sanyi kusan kashi 1 cikin 100 yake zubarwa a shekara. Aibinsa shi ne ba ya son a fizgi wuta da yawa lokaci guda, sai ka sa masa babban kafasita, mai tara wuta na ɗan lokaci, a gefe ya ɗauke masa fizgar aikawa. Kada a kuskura a yi masa caji, yana iya fashewa, ka rubuta haka a jikin akwatin da manyan baƙi. In dole sai mai caji, LiFePO4 ya fi jure zafi.

Akwatin ya zama fari, da 'yar rumfar katako ko zana a samansa. Ramin shigar waya ya kalli ƙasa ka toshe shi, don ƙurar hunturu da tururuwa ta nan suke shiga. Turken ka kafa shi da ƙarfi, shanu na sosa jiki da duk abin da suka samu a tsaye in sun shigo cin kara. Rashin farantin sola a kai yana da wata fa'ida kuma, babu abin sharewa duk mako da hazo, babu abin jan idon mai dogon hannu.

Na san tambayar da za ta biyo baya, ko za a iya kunna injin ban ruwa daga gida. Na'urar batir a LoRaWAN ajin A take, tana buɗe kunne sau biyu ne kawai jim kaɗan bayan ta aika saƙo, sai ta koma barci. Umarnin da ka tura zai jira farkawarta ta gaba, rabin awa ke nan a tsarinmu. Mai saurare koyaushe ajin C ce, ita kuma ƙaramin batir ba zai ɗauke ta ba. In kawu na cikin waɗanda suka koma famfon sola bayan cire tallafin mai a 2023, sai ka sa wa famfon ajin C da nata farantin da batir. In injin fetur ne mai igiya, iyakar abin da na'ura za ta yi shi ne ta gaya wa yaron gona lokacin ja. Tanki kuwa ba ya buƙatar ma'auni mai tsada, makunni biyu masu iyo, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su tashi na'urar daga barci in ruwa ya motsa su.

Ni a ganina, a rumbu kawu zai fara ganin ribar wannan aiki. Manomi ya san ƙasarsa da tafin hannu, amma ba ya ganin abin da ke faruwa a tsakiyar tulin albasa. Albasa tana ajiyuwa a zafin 25 zuwa 30 in iska na ratsa ta, laimar iskar kuma na wajen kashi 65 zuwa 70 cikin 100. Da laima ta hau ta zauna, yadda take yi in damina ta kankama, ruɓa ta fara, sau da yawa daga ciki, kafin wari ya fito an yi asarar buhuna. Ma'aunin zafi da laima irin SHT31, ɗaya a tsakiyar tuli ɗaya a waje don kwatance, zai nuna maka tsakiya ta fara ɗumi da gumi tun da sauran lokacin a juya a tsince. Tunda rumbunan a gari suke, Bluetooth zai yi, ka zo da waya ka karanta daga bakin ƙofa. In kana son gargaɗi da dare, sa LoRa, ga tasha kusa, SF7 ya isa.

Lambar da ma'aunin damshi ke bayarwa kuma ba ta da ma'ana sai ka daidaita ta da ƙasar wurin, don lakar fadama da jigawa ba sa ba da lamba ɗaya. Ka binne shi a zurfin saiwar albasa, santimita 10 zuwa 15, ka danne ƙasa ta manne da shi. Rubuta lamba bayan an gama ban ruwa, ruwan ya tsane. Sannan ka bar kawu ya yi aikinsa yadda ya saba, ranar da ya damƙi ƙasa ya murza ya ce fangali na son ruwa, rubuta lambar wannan lokacin. Zagaye uku ko huɗu ka samu iyakokinka biyu. Kada ka kai masa zane-zanen kwamfuta. Saƙon tes da Hausa zuwa ƙaramar wayarsa, "Gefen gabas na son ruwa" ko "Rumbu na biyu ya yi ɗumi", daga sim ɗaya da ke jikin tashar gida, ya fi masa amfani. In babu sabis, fitila da ƙararrawa a zaure su yi aikin.

Kada ka sayi kaya da yawa yanzu. Allon LoRa biyu na 868 da eriyoyinsu sun isa gwaji. Ɗaure ɗaya a inda kake sa ran kafa tasha, ka hau babur da ɗayan a kan gora mai mita 2, ka tsaya a kusurwoyin gonar kana rubuta ƙarfin sigina da matakin da saƙo ya isa da shi. Kafin kayan su iso, ka sa ESP32 ɗinka barci mai nauyi ka auna abin da yake sha. Turo min lambar da hoton allon gaba da baya, in nuna maka abubuwan da za ka cire.